Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Zamfara: Wa Ke Tantance Masu Koya Wa 'Ya'yanmu Riƙon Bindiga?

Mai Girma Gwamna, Dakta Dauda Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi maka jagora a kan wannan kaya da ka ɗauka, ya kawo mana ƙarshen masifar da ta hana jiharmu barci.

Ni malamin firamare ne da ya ajiye aiki. Shekaru da dama ni ke riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙaramin gari a yammacin jihar nan. Duk abin da aka tara na karo-karo, na yasar rijiya ne ko na jinyar wani marar ƙarfi, sai ya bi ta hannuna na rubuta. Sunan garin zan bar shi a cikina, kowane Bazamfare ya san dalili. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar masu yawo gari-gari suna karɓar kuɗin talakawa da sunan koyar da harbi. Su wane ne, me suke koyarwa, kuma da wane mudu mutumin ƙauye zai auna ko abin da aka sayar masa horo ne ko hoto. Na daɗe ina juya maganar a raina, domin akwai hannuna a cikin abin da zan ba da labari.

Za ka tuna watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ba da sanarwar cewa duk wanda ya cancanta ya nemi lasisi ya mallaki bindiga don kare kansa, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19. Ba a jima ba 'yan sanda suka ce su ba su buɗe ƙofar bayar da lasisi ba, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A Gusau da Abuja magana ta tsaya kan gardamar doka. Mu a ƙauye kan maganar kawai ya iso kunnenmu, cewa gwamnati ta ce kowa ya tashi ya kare kansa. Ban ga laifin wanda ya ji ta haka ba. Watanni biyar kafin nan aka yi kisan Anka da Bukkuyum, kafin shi kuma an kwashe 'yan matan Jangebe. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Cikin daminar wannan shekara ta 2022 wani mutum ya sauka garinmu. Dattijo ne mai jiki, da wandon kaki da takalmin soja da wata baƙar jaka da ba ya rabuwa da ita. Ya ce shi tsohon soja ne, ya yi Laberiya, ya yi Saliyo, ya yi Maiduguri. Kafin la'asar yara sun fara kiransa Saje. Wanda ya kawo shi ya ce akwai wani gari can gaba da mu, tun da mutumin nan ya horar da samarinsu ɓarayin daji ba su ƙara leƙa su ba. Babu wanda ya je ya gani, domin hanyar garin ba ta biyuwa. Babu wanda ya ce ya nuna takardar sallamarsa daga aikin soja, ko ya faɗi bataliyar da ya yi, ko ya kawo wani jami'i da zai tsaya masa. Muka zauna a zauren mai gari aka yanke kuɗi. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, marar shi ya kawo tiyar gero a tsakiyar bazarar talaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wata gwauruwa ta sayar da tunkiyarta don a sa sunan ɗanta. Duk ni na rubuta, layi-layi, da jan biro a gefen wanda ya cika.

Mutum ɗaya ne ya ɗaga murya, Sarkin Bakan garinmu, tsohon maharbi wanda ya tsufa da bindigar toka a kafaɗa. Shi al'adarsa tun muna yara, ba ya shigowa gari da ɗurarriyar bindiga. A bakin fadama yake tsayawa ya sauke ta, sannan ya shigo. Ya dubi baƙon ya ce, «Ni dai tambaya guda gare ni. Kwana nawa za ka yi kana koya musu ajiye ta, kafin ka koya musu ɗaukarta?» Samari suka yi masa caa, aka ce zamaninsa ya wuce, wannan ba farautar gada ba ce. Ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni ma da nake da bakin magana a zauren nan shiru na yi.

Kwana biyar aka yi a filin makarantar da na koyar. Uku na farko fareti ne, hagu-dama, tsallen kwaɗo, rarrafe cikin taɓo, da waƙoƙin ƙarfafa zuciya, kowa riƙe da sanda a madadin bindiga. Mata na leƙe ta kan danga suna sa albarka, mu ma zuciyarmu ta yi sanyi, muna ganin yaranmu sun zama wani abu. Rana ta huɗu ya buɗe baƙar jakar nan, ya fito da layu da wani ruwan magani da ya ce harsashi ba ya ratsa wanda ya sha. Wannan kuɗinsa daban. Rana ta biyar aka rataye tsohon bokiti a jikin kuka, aka aro bindigogin maharba da 'yan harba-ka-ruga da ke garin, kowa ya harba sau ɗaya. Na ƙarshen layi ma ba su samu ba, albarushi ya ƙare. Da yamma ya raba musu takardar shaida mai hoton mikiya da bindigogi biyu a gicciye, an like ta cikin leda mai sheƙi. Babu adireshi a jiki, babu hatimin wata hukuma. Washegari ya hau kabu-kabu ya tafi.

A kwana biyar ɗin nan ina filin daga safe har yamma, kuma ko sau ɗaya ban ji ya ce kada a ɗora yatsa kan kunama sai an yi niyyar harbi ba. Ban ji ya ce kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin ɗurarriya, ko da kai ka sauke ta da hannunka ba. Ban ji ya ce bakin bindiga ba ya kallon mutumin da ba ka nufin kashewa, ko kuma ka san abin da ke bayan abin da ka saita ba. A lokacin ban lura da rashinsu ba, don ni ma ban san da su ba. Sai daga baya wani ɗan garinmu da ke aikin soja ya zo hutu, ya ce da waɗannan ake fara wa kurtu, kuma a kansu ake fi hukunta shi.

Bayan kamar wata biyu, da asuba, samari sun dawo daga sintiri suka zauna teburin mai shayi. Biyu daga cikinsu taubasai ne, tare suka tashi, duk ni na koya musu baƙi da wasali. Ɗayan ya miƙe yana nuna yadda Saje ke juya bindiga daga kafaɗa zuwa hannu. Yatsansa na kan kunama. Ƙarar ta tashe ni daga kan buzun salla. Ko da na iso, ɗan uwan nasa na kwance gefen benci, jini na tsartuwa daga cinyarsa kamar an huda salka. Mutum sama da ashirin a tsaye, kusan kowa da takardar nan mai mikiya a ɗakinsa, babu wanda ya san abin yi. Wani ya ɗebo ƙasa ya zuba, wani ya kawo toka. Aka ɗaura rawani, amma a ƙasan raunin, kuma sako-sako. Muka ɗora shi kan babur tsakanin mutum biyu. Bai kai bakin kwalta ba. Ma'aikacin asibitin da ya duba gawar ya ce babbar jijiyar cinya ce ta tsinke, irin wannan mintoci kaɗan take ba mutum, kuma da an ɗaure saman raunin tamau an danne da ƙarfi, da wataƙila an iso da shi da rai. Layar na ɗaure a damtsensa lokacin da muka yi masa wanka.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma sababi ma ana tambayar mutum a kansa. Uban yaron bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Ranar sadakar uku ya kama hannuna ya ce, «Malam, kai da ka yi boko, ashe kai ma ba ka tambaye shi takarda ba?» Har yau ba ni da amsar da zan ba shi. Wanda ya yi harbin kuwa ya bar garin, yana can wani birni yana tura baro, ko da salla ba ya zuwa.

Ranka ya daɗe, da garinmu kaɗai abin ya shafa da na haƙura na bar wa Allah. Amma kasuwa ce ta buɗe, kuma yadda ake yin suna a cikinta shi ne abin tsoro. Mai horarwa a ƙauyukanmu da abu uku yake cin kasuwa: kaki, labari da magani. Yanzu an ƙara na huɗu, wato bidiyo. A jera samari a ɗauke su suna tafiya ƙafa ɗaya suna kabbara, a watsa a WhatsApp da Facebook da TikTok, gobe wani gari ya aiko a zo a yi musu irinsa. Idan ɓarayi ba su shigo gari ba bayan horon, a ce aikin Saje ne, alhali wataƙila garin ya biya harajin noma ne, ko ɓarayin sun koma wani daji. Idan sun shigo sun yi ɓarna, a ce yaran ne suka karya sharaɗin magani. Ta kowace fuska shi ba ya faɗuwa. Waɗanda za su iya ba da shaida a kansa kuwa, wasu suna kabari, wasu kunya ta rufe musu baki, kamar yadda ta rufe mini nawa shekaru. Ba na cewa duk tsohon sojan da ya koya wa 'yan garinsu wani abu macuci ne. Akwai na Allah, masu yi don kishin mahaifarsu ba tare da karɓar ko sisi ba. Matsalar ita ce mai gari da jama'arsa ba su da hanyar rarrabe wannan da wancan.

Ita doka ba ta bar abin sakaka ba, mu ne ba mu san ta ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Na yaƙi irin su AK-47 sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na ɗaiɗaikun mutane irin bindigar farauta ta Bature, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ta cewa a kanta. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. A layin da muka jera a filin makaranta akwai waɗanda ba su kai 17 ba, na san haka domin ni na rubuta shekarunsu a rajistar aji. Akwai mai dundumi, wanda da magariba ta yi sai an ja masa hannu, kuma sintirin dare aka sa shi. Akwai biyu da duk gari ya san suna shan ƙwaya. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Hatta kamfanonin gadi masu rajista, waɗanda hukumar Sibil Difens ke sa wa ido, dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga. Ke nan takardar da wani mai baƙar jaka ya buga a shagon kwamfuta ba ta halatta wa kowa komai, yaron da aka kama da bindiga ya nuna ta, ƙara wa kansa laifi ya yi. Iyaye da yawa har gobe suna ɗaukar ta a matsayin lasisi.

Ni sana'ata koyarwa ce, da idon malami nake kallon abin. Idan aka ce mini makaranta kaza tana da kyau, ba na duba fentin bango ko kayan 'yan makaranta. Ina tambayar me ke cikin manhaja, wa ya koyar da malamin, sau nawa yaro ya riƙe alli da hannunsa, kuma mutum nawa suka faɗi jarrabawa. Wannan ta ƙarshe ita ce mutane ba sa so a yi. Horon da aka shiga mutum arba'in aka fito mutum arba'in, ba a sallami ko ɗaya ba saboda rawar hannu, ko zafin zuciya, ko wasa da makami, to ba a gwada kowa ba, an dai sayar da takarda. A Defot na Zariya wata shida kurtu yake yi kafin a kira shi soja, bayan nan ma bai gama komawa filin harbi ba. Ban ce a yi wa kowane ɗan banga wata shida ba. Amma tsakanin wata shida da harbi ɗaya a jikin bokiti akwai tazarar da ya kamata hukuma ta tsaya ta ce ga mafi ƙarancin abin da za a kira horo. Hannu kuma yana mantuwa. Wanda ya yi shekara bai taɓa gwada saitinsa a gaban mai duba shi ba, ya koma ɗan koyo ko da takardarsa ta kai goma.

Akwai gaskiyar da mai horarwa na kirki zai fara faɗa wa ɗalibansa ko da za ta rage masa kasuwa. Bindigar toka da ta farauta ba su da wani tasiri idan abin harbi ya wuce kamar mita 50, kuma ta toka idan ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗuri. AK-47 da ke hannun ɓarawon daji tana cin mutum daga mita 300, gidan harsashinta na ɗaukar 30. Yaron da ya san wannan lissafi ba zai bi sawun shanu cikin daji da tsakar rana yana taƙama da laya ba. Zai gane cewa aikinsa shi ne tsaron bakin gari, da sanar da jama'a da wuri, da fitar da mata da yara, da kiran ɗauki. A watan Maris na 2022, a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, 'yan sa-kai sama da 60 suka faɗa kwanton ɓauna a rana ɗaya. Jarumtarsu ba abin tambaya ba ce, Allah ya jiƙansu. Amma duk wanda ya ji labarin ya san jarumta kaɗai ba ta fid da mutum daga irin wannan tarko. Sai kuma abin da ya faru a Tungar Kara, nan jiharmu, a Janairun 2025, inda jirgin yaƙi ya saki wuta kan mutanen da suka fito kai ɗauki, aka ɗauke su ɓarayi. Wannan ya nuna horon da bai koya wa mutum yadda zai sanar da sojoji inda yake ba, da wanda zai kira kafin ya fita, da alamar da za a gane shi da ita daga sama, ya bar babban giɓi, komai iya saitin da aka koya masa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a wannan fage kuwa ƙuƙumin kashewa yake yi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne sanin lokacin da ba a harbi. Mu Zamfarawa ba sai an ba mu labari ba. Mun ga yadda aikin sa-kai ya faro da kyakkyawar niyya, sannan a wurare da dama ya koma kama mutum a kasuwa a yanke masa hukunci a gefen hanya don kawai kamanninsa ko harshensa. Mun ga yadda kowane irin wannan kisa ya haifi ramuwa, ramuwar kuma ba a kan wanda ya yi take sauka ba, a kan manomi da matarsa take sauka. Maƙwabtanmu na Sakkwato sun gani a Oktoban 2021, da aka kashe Fulani a kasuwar Mamande, ba a yi nisa ba aka zo aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. Bafulatanin da ke kawo mana nono, wanda shi ma an kore masa shanu an sace masa ɗa, idan ya hango yaranmu da bindiga ya kamata ya ji sanyi a ransa. Yau gudu yake yi. Horon da zai sa wa saurayi bindiga a hannu bai zaunar da shi ya koya masa cewa wanda aka kama hukuma ake miƙa wa, cewa zargi ba hujja ba ne, cewa jinin wanda bai ji ba bai gani ba Allah zai tambaye shi, wannan horon ƙara wa wutar itace yake yi. A kwana biyar na garinmu ba a yi wannan magana ko ta minti ɗaya ba. Waƙoƙin da aka koya musu ma zuga ce zalla.

Na yi murna ranar 31 ga Janairun 2024 da ka ƙaddamar da Askarawan Zamfara, matasa sama da 2,600 daga ƙananan hukumomi 14, bayan Katsina ta kafa nata a Oktoban 2023. Murnata ita ce ga rundunar 'yan ƙasa da ke da rajista, da shugabanci, da wanda za a tambaya idan an yi ba daidai ba. Da yawansu sun ba da rayukansu, muna yi musu addu'a. Don haka ne ma nake roƙon a mai da horonsu ya zama shi ne mudun da kowa zai auna da shi. A bayyana wa jama'a, ba sirrin aiki ba, a'a, ginshiƙan abin da ake koya wa askari: mako nawa, su wa ke koyarwa, harsashi nawa kowa ke harbawa a gaban mai duba shi kafin a yaye shi, awa nawa ake ba dokar aiki da haƙƙin jama'a, awa nawa ake ba tsayar da jini da ɗaukar mai rauni, da kuma bayan wata nawa ake dawo da shi a sake gwada shi. Ranar da mai gari ya ji wannan a rediyo da Hausa da Fulatanci, ranar zai iya duban mai baƙar jaka ya ce naka bai kai ba.

Sannan a hana kowa tara samari da sunan horon makami sai da izini a rubuce daga hukumomin tsaro, a kuma ajiye sunayen waɗanda aka amince da su a fadar kowane sarki da ofishin kowane uban ƙasa, da lambar waya guda da dagaci zai kira ya tambaya. Mai cewa shi tsohon soja ne, rundunar soja na da rajistar duk wanda ya taɓa yi mata aiki, tantance shi ba zai gagara ba. Mai haɗa horo da sayar da maganin bindiga kuwa, wannan ko tambaya ba ya buƙata, a roƙi malamanmu su faɗa a kan mumbari. Ina kuma roƙon a sa asibitocin jiha su riƙa ware lissafin raunin harbin kuskure daban da na harin ɓarayi, a san garin da aka fito da wanda ya horar da mai bindigar. Da wannan lissafi, da na bindigogin da suka ɓace, da na koke-koken jama'a, za a san horon da ya yi amfani. Yanzu da yake ba a ƙirgawa, yaronmu ya tafi a matsayin wanda tsautsayi ya faɗa wa, shi kuma wanda ya koya musu juya bindiga sunansa bai ko yi ƙura ba.

Darasin tsayar da jini kuwa bai kamata ya jira komai ba. Ba ya buƙatar lasisi ko harsashi. Ma'aikacin lafiya ɗaya da ƙyalle da ɗan itace zai koya wa gari guda, maza da mata, cikin yini ɗaya. Kuma idan za a zauna tsara manhaja, a kira irin su Sarkin Bakanmu a ji ta bakinsu. Ba su san AK-47 ba, amma sun yi shekara hamsin da bindiga a ɗaki ɗaya da jikokinsu ba ta taɓa tashi da kowa ba.

Mai Girma Gwamna, kaka ta kusa. Da an fara ɗaure damma kuɗi zai shigo hannun manoma, kuma a lokacin ne masu wannan sana'a ke fitowa. Tuni na ji ana karo-karo a wasu ƙauyuka biyu da ke gabas da mu, an ce wani gwani zai zo. Na aika wa masu garin da saƙo, na ba su labarinmu, ɗaya ya saurara, ɗayan ya ce in ba wannan ba to wanne zan ba su. Ba ni da abin ba shi, shi ya sa na rubuto maka. Littafin karo-karon yana nan a akwatina da sunayen duk waɗanda suka biya, uwar yaron ma ta ba ni takardarsa mai mikiya ta ce in kai wa duk wanda zai duba. Idan ka turo wanda zai bincika, zan kawo su Gusau da ƙafata.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin firamare kuma magatakardan ƙungiyar ci gaban gari,
daga yammacin Zamfara.